Ozon na Ƙasa: Hawa da Saukar Wata Gurɓatar Iska a Manyan Birane

Gabatarwa

Idan aka ambaci gurɓatar iska, abin da yakan fara faɗowa a ran mai sauraro shi ne abin da ido ke iya gani, kamar hayaƙin bola, ko baƙin hayaƙin da tsohuwar tirela ke tuttulowa a kan hawa, ko kuwa ƙurar hunturu da ke rufe gari har jirgin sama ya kasa sauka. Duk waɗannan suna da mafari sananne wanda ake iya nunawa da yatsa. Akwai kuma wani nau'in gurɓata da ba ya fitowa daga salansar kowace mota ko bututun kowace masana'anta. A cikin iska yake haɗuwa, hasken rana ne kuma ke dafa shi. Sunansa ozon. A wannan babi za a duba yadda yawan ozon ya riƙa hawa da sauka a wasu manyan biranen duniya daga shekarar 1943 zuwa 'yan shekarun nan, da kuma dalilin da ya sa ya fi sauran nau'o'in gurɓata wuyar magani.

Ma'anar ozon

Iskar oksijin, wadda rai ya dogara a kanta, ƙwayoyin zarra biyu ne a manne da juna. Idan ƙwaya ta uku ta zo ta liƙe musu, sai a sami wata iska dabam mai halaye dabam, wadda masana kimiyyar sinadarai ke rubutawa O3. Wani masani Bajamushe mai suna Christian Friedrich Schönbein, wanda ya koyar a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, shi ne ya raɗa mata suna wajen shekarar 1840, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar “sansana”, saboda warin da take da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin hoton takardu da ya daɗe yana aiki, ko wurin masu walda, mai yiwuwa ya ji wannan wari mai kaifi. Hausa ta ari kalmar kamar yadda sauran harsuna suka are ta. Da yake ba ta ƙare da wasalin “a” ba, ta bi sahun yawancin kalmomin aro irinta ta zama jinsin namiji, don haka a nan za a riƙa cewa ozon “shi ne”, sai fa in an sakaya kalmar “iska” a gabansa.

Ya kamata malami ya raba wa ɗalibansa abu biyu tun da wuri, domin kafofin watsa labarai kan cakuɗa su. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na ozon ɗin duniya yana can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda yake tare wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata. Wannan ne aka gano ya ɓule a saman yankin ƙanƙara na kudancin duniya a shekarar 1985, har ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don kare shi. Ozon na ƙasa kuwa, wanda shi ne batun wannan babi, yana cikin iskar da mutane da dabbobi da tsirrai ke shaƙa. Sinadarin ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta su: a sama laima ne, a ƙasa guba. Yana sa ƙaiƙayin maƙogwaro da tari da ƙuncin ƙirji, yana tayar da ciwon fuka, kuma shaƙarsa shekara da shekaru tana raunana huhu. Wani rahoto na duniya kan ingancin iska da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa ozon na da hannu a mutuwar mutane kusan 490,000 a shekarar 2021. Haka kuma yana shiga ta ƙofofin numfashin ganye ya rage yabanya, musamman alkama da waken soya.

Ana auna shi da ma'aunin “kashi cikin biliyan”. Idan aka ce kashi 70 cikin biliyan, ana nufin a cikin kowane ƙwayoyin iska biliyan ɗaya, 70 na ozon ne. Adadin ya yi kama da abin rainawa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin awon sa'o'i takwas ya wuce maikirogiram 100 a kowace mita kubik ta iska, wato kimanin kashi 50 cikin biliyan.

Yadda rana ke dafa shi

Wanda bai fahimci wannan sashe ba, tarihin da ke tafe zai zame masa tatsuniya, don haka ya dace a ɗan tsaya a kansa.

Abu uku ake bukata. Na farko iskokin naitirojin. Iskar sarari kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin, kuma a yanayin yau da kullum ba sa haɗuwa. Tsananin zafin cikin inji ne ke tilasta musu haɗuwa, sai salansa ta fitar da naitirojin mai oksijin ɗaya, wato NO, wanda yakan ƙara ɗaukar wata ƙwayar oksijin a cikin iska ya zama NO2, iska mai launin ƙasa-ƙasa. Abu na biyu shi ne tururin sinadarai masu saurin bin iska, irin su fetur da bai ƙone ba, da tina, da fenti, da gas ɗin girki. Har itatuwa ma suna fitar da nasu. Na uku kuwa hasken rana.

Idan hasken rana ya bugi NO2, sai ya fizge masa ƙwayar oksijin guda, ita kuma ta je ta manne wa oksijin na cikin iska, ozon ya samu. To, amma NO ɗin da aka bari tamkar mai bin bashi yake. Da ya ci karo da ozon sai ya ƙwace ƙwayarsa, ozon ya koma oksijin, shi kuma ya koma NO2. Da a nan maganar ta tsaya, da ozon bai taru ba, domin abin da aka ara da hannun dama ana mayar da shi da na hagu. Tururin sinadarai ne ke ɓata wannan lissafi. Idan ya fara ruguɓewa a cikin iska, yakan haifar da wasu ƙwayoyi masu saurin haɗuwa da ke miƙa wa NO oksijin daga aljihunsu. Ke nan an biya wa ozon bashinsa, ba wanda zai ƙwace masa ƙwaya, NO2 kuma ya sake komawa gaban rana ya haifi wani sabon ozon. Haka abin ke ta juyawa har faɗuwar rana.

Daga wannan bayani ana iya fahimtar halayen ozon da kan ba mutane mamaki. Ba da sassafe yake yawa ba, lokacin da motoci suka fi cunkoso. Sai bayan azahar zuwa la'asar yake kai ƙololuwa. Ya fi tsanani a ranakun zafi da ba iska. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a bakin babban titi a tsakiyar birni sau da yawa ozon ya fi ƙaranci, saboda sabon NO da motoci ke fitarwa yana cinye shi nan take, alhali unguwannin bayan gari da ƙauyukan da iska ke kai wa hayaƙin, masu nisan kilomita 50 ko fiye, su ne ke kwasar kashinsu a hannu. A birane da dama ma an lura cewa ozon kan ƙaru a ranakun hutun ƙarshen mako, sa'ad da manyan motoci suka ragu a kan hanya.

Los Anjalis: inda aka fara gane cutar

A ranar 26 ga Yuli, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani hazo mai yaji ya rufe tsakiyar birnin Los Anjalis da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Idanun mutane suka yi ta hawaye, har wasu suka ɗauka Jafanawa ne suka kawo hari da iska mai guba. Hukuma ta ɗora laifin a kan wata masana'antar da ke yin sinadarin haɗa roba, aka rufe ta, hazo bai daina ba. A 1947 aka kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska ta gundumar, aka bi masana'antu da matatun mai, daga baya aka hana ƙona shara a bayan gida. Duk da haka hazon ya ci gaba da dawowa kowace bazara.

Kuskuren da aka yi shi ne auna wannan hazo da irin na Landan. Hazon Landan, wanda ya kashe dubban mutane a watan Disamba na 1952, na hayaƙin kwal ne, a lokacin sanyi yake zuwa, kuma baƙi ne. Na Los Anjalis a tsakiyar zafi yake zuwa, a garin da kusan ba a ƙona kwal. Wanda ya warware matsalar ba masanin yanayi ba ne. Arie Haagen-Smit ɗan asalin ƙasar Holan ne, malami a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, kuma aikinsa a da shi ne binciken sinadaran ƙamshi da ɗanɗano, har da na abarba. Ya tattara iskar birnin ya tace, sa'annan ya haɗa tururin fetur da iskokin naitirojin a cikin kwalba ya haska musu fitila, sai ga hazon ya samu da warinsa da yajinsa. Masu tayoyi sun daɗe suna kukan cewa roba na saurin tsagewa a wannan yanki, sai ya mayar da wannan ya zama ma'auni: yakan lanƙwasa ɗan yankin roba ya ajiye, ya ƙirga mintocin da zai ɗauka kafin ya tsattsage. Ya buga sakamakonsa a farkon shekarun 1950. Kamfanonin mota da na mai suka yi masa ca, suka ɗauki nauyin wasu masu bincike don su ƙaryata shi, amma kafin ƙarshen shekarun 1950 maganarsa ta tabbata. Mai laifin dai ita ce motar da ke ƙofar gidan kowa, kuma a lokacin gundumar na da motoci kimanin miliyan 2.

Yanayin wurin ma ya taimaka. Birnin na cikin kwari, teku a yamma, duwatsu a arewa da gabas. Iskar teku mai sanyi takan shigo ta ƙasa, iska mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfi a kan tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. A 1955 an auna ozon har kashi 680 cikin biliyan a wannan birni.

Abin da ya biyo baya aiki ne na shekara da shekaru, ba na gwamnati guda ba. Kalifoniya ta fara ƙayyade abin da salansar mota za ta fitar a 1966, ta kafa hukumar kula da iska ta jiha a 1967, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko. Tun a wannan mataki ozon ya nuna halinsa, domin gyaran da aka yi wa injina don su ƙone fetur sosai ya ƙara musu zafi, iskokin naitirojin suka ƙaru, sai da aka sake kafa wata doka a kansu. Gwamnatin tarayya ta yi babbar dokar tsabtace iska a 1970. Daga motocin shekarar 1975 aka fara sanya matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke ƙone ragowar fetur, daga baya aka inganta ta har tana warware iskokin naitirojin. Aka cire dalma daga fetur, domin dalma na kashe wannan matata. Aka sa wa famfunan gidajen mai robar da ke tsotse tururi, aka sauya haɗin fetur da na fenti.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. Akwai gargaɗin mataki na ɗaya da ake yi wa jama'a idan ozon ya kai kashi 200 cikin biliyan. A 1977 an yi irin wannan gargaɗi a ranaku 121. A 1999 ba a yi ko sau ɗaya ba. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa tururin sinadarai a iskar birnin ya ragu da kimanin kashi 98 cikin ɗari daga shekarun 1960, alhali man da ake ƙonawa ya ninka kusan sau uku. Wannan nasara ce da babu mai musunta.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. Daga wajen 2010 saukar ta yi sanyi, har ta tsaya cik a wasu shekaru. A ranar 6 ga Satumba, 2020, cikin wani matsanancin zafi, an auna kashi 185 cikin biliyan a tsakiyar birnin, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1994, kuma a wannan shekara yankin ya ƙetare ƙa'idar tarayya a ranaku 157. Lallai ne a tuna cewa ita kanta ƙa'idar an yi ta matse ta, daga kashi 120 na sa'a guda a 1979 zuwa kashi 70 na sa'o'i takwas a 2015, don haka ƙidayar ranakun wani zamani ba ta kwatantuwa kai tsaye da ta wani. Amma tsayawar gaskiya ce. Daga cikin dalilanta akwai ƙaruwar zafi da gobarar daji, da manyan motoci da jiragen ruwa na tashoshin teku. Akwai kuma wani dalili da ba a zata ba: wani bincike na 2018 ya gano cewa tururin da ke tashi daga fenti da turare da man shafawa da magungunan goge-goge da na ƙwari ya kamo wanda motoci ke fitarwa a birnin. Mota ta tsabtata har kayan kwalliya sun zama abokan takararta.

Birnin Meziko

Birnin Meziko ya bi sawun Los Anjalis da tazarar kusan shekara talatin. Shi ma a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ga shi a tudun da ya kai mita 2,240 daga teku, inda hasken rana ya fi kaifi, oksijin kuma ya yi ƙaranci har injina ba sa ƙone mai yadda ya kamata. A farkon shekarun 1990 ozon kan wuce ƙa'idar ƙasar a kusan kwana tara cikin goma, kuma a 1992 wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa birnin a sahun gaba wajen gurɓatar iska a duniya.

Matakin da ya fi yin suna shi ne na 1989, wanda ya hana kowace mota fita rana ɗaya a mako gwargwadon lambar ƙarshe ta lambarta. Dabara ce mai saukin fahimta, shi ya sa birane da dama suka kwaikwaye ta, amma wani nazari da aka buga a 2008 bai ga alamar ta gyara iska ba. Masu hali sun sayi mota ta biyu, galibi tsohuwa mai hayaƙi, don su riƙa musanyawa. Matakan da ba su yi amo ba su ne suka yi aiki: rufe babbar matatar mai ta cikin birni a 1991, da wajabta matatar hayaƙi a sababbin motoci, da fetur marar dalma, da duba hayaƙin motoci a kai a kai. A 1995 masana biyu, Donald Blake da Sherwood Rowland, suka nuna cewa yoyon tukwanen gas ɗin girki a gidaje na ba da gudummawa mai yawa, abin da hukuma ba ta sa a lissafi ba. Ozon ya yi ta sauka har wajen 2010, sa'annan shi ma ya cije. A watan Maris na 2016 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta ozon a mataki na ɗaya, karo na farko tun 2002. A irin waɗannan ranaku akan shawarci makarantu su dakatar da wasanni a fili daga ƙarfe 1 na rana zuwa 7 na yamma.

A Jafan ma, rashin lafiyar da ta kama ɗalibai mata fiye da 40 a filin wasan wata makaranta a Tokiyo, a watan Yuli na 1970, ita ce ta farkar da ƙasar, ta kafa dokokin hayaƙin mota masu tsanani.

Inda ozon ke hawa

Labarin ƙasar Sin ya fi kowanne koyar da darasi game da halin wannan sinadari. A 2013, bayan wani mummunan hazo da ya rufe Bejin da arewacin ƙasar, gwamnati ta ƙaddamar da babban shiri na rage ƙananan ƙwayoyin toka da ƙura masu shiga can cikin huhu. Aka rufe tukwanen kwal, aka sa wa tashoshin lantarki matatu, aka kori tsofaffin motoci. A Bejin matsakaicin awon waɗannan ƙwayoyi ya sauko daga kusan maikirogiram 90 a 2013 zuwa 58 a 2017, ya kai 33 a 2021. Ba a taɓa ganin babban birni ya share iskarsa da irin wannan sauri ba. Amma a daidai waɗannan shekaru ozon na bazara ya yi ta hawa a manyan biranen gabashin ƙasar, da kimanin kashi 1 zuwa 3 cikin biliyan kowace shekara tsakanin 2013 da 2017.

Masana daga Jami'ar Harvard da wata jami'a a Nanjing sun ba da bayani a 2019. A ganinsu, ƙwayoyin tokar nan suna aikin soso, suna tsotse waɗancan ƙwayoyi masu biya wa ozon bashi. Da aka share tokar, sai suka sami sarari. Ƙari a kan haka, an rage iskokin naitirojin ba tare da rage tururin sinadarai daidai da su ba, kuma a birnin da NO ya yi yawa, rage shi kaɗan yana nufin rage mai cinye ozon. Wannan ba hujja ba ce ta barin toka a iska, domin ita ta fi ozon kisa nesa ba kusa ba. Abin da ya nuna shi ne ba a magance gurɓata ɗaya a manta da 'yar'uwarta. Shirin ƙasar na shekara biyar da ya fara a 2021 ya haɗa su biyun a manufa guda.

Kullen annobar korona a 2020 ya zama tamkar gwajin da ba wanda ya shirya. Tituna suka zama wayam, NO2 ya faɗi warwas, amma a birane irin su Wuhan da Rum da Turin ozon ya ƙaru. An gudu ba a tsira ba. Sai an rage iskokin naitirojin ƙwarai, an wuce wani mizani, kafin ozon ya juya ya fara sauka, kuma tsakanin nan da can akwai shekarun da hukuma za ta yi aiki daidai amma alƙaluma su nuna kamar ta gaza. Ɗan siyasar da wa'adinsa shekara huɗu ne ba ya son jin wannan.

A Turai hoton ya rabu biyu. Ranakun tsananin ozon sun ragu sosai. A zafin bazarar 1976 an auna fiye da kashi 250 cikin biliyan a kudancin Ingila, abin da ba a sake gani ba ko a zafin 2003 da ya yi ɓarna. Amma matsakaicin awon shekara a cikin birane, har da Landan, ya yi ta ɗagawa a hankali tun shekarun 1990. Wato ƙololuwa ta sauko, gindi ya taso. Ɗaya dalilin shi ne raguwar NO a tituna. Ɗayan kuma ya fi ƙarfin kowace hukumar birni: ozon na iya yin makonni a sararin da ke sama da birane, iska ta ɗauke shi daga Asiya zuwa Amurka, daga Amurka zuwa Turai. Iskar metan da ke fita daga rijiyoyin mai da gonakin shinkafa da tumbin shanu da juji ita ma tana haifar da shi sannu a hankali a ko'ina. Saboda haka iskar da ke shigowa birni daga waje ta riga ta zo da nata kashi 30 zuwa 40, kafin motar farko ta tashi. Wannan ne ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara wata ƙa'ida ta maikirogiram 60 a kan matsakaicin watanni shida mafi tsanani, domin cutar ba a ranakun gargaɗi kaɗai take ba.

Biranen Afirka ta Yamma

Duk kayan haɗin da aka lissafa suna nan a Legas da Kano da Abuja da Yamai: rana mai ƙarfi, da zafi, da tsofaffin motoci, da babura da a-daidaita-sahu, da janareto a kusan kowane shago, da fetur a jarka da kwalba a bakin titi yana tururi, da ƙonar daji a lokacin rani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tashoshin awo da suka daɗe suna aiki ba yankewa, kuma ba a iya zana tarihin ozon na shekara talatin sai da awon shekara talatin. Ɗan abin da aka auna dai ya isa jan kunne. A watan Disamba na 2005, balan-balan ɗin awo da masu bincike suka saki daga Kwatano ta gano ozon kusan kashi 300 cikin biliyan a tsayin kimanin kilomita ɗaya, kuma masu nazarin sun danganta shi da hayaƙin harkar mai daga wajen Legas.

Akwai wata al'ada da ta shafi wannan batu kai tsaye. Matatar hayaƙin nan da ta ceci Los Anjalis tana zuwa a cikin salansar yawancin motocin da ake shigowa da su. Makanikai na kiranta “indomi”, saboda ƙananan ramukan cikinta sun yi kama da dunƙulen taliyar. Suna ne da ya cancanci nazarin mai sha'awar yadda harshe ke ƙirƙirar kalma. Abin takaicin shi ne sau da yawa ana cire ta a sayar, domin tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci a ɓoye. Motar da aka cire wa indomi tana tafiya lafiya lau, mai ita ba ya ganin bambanci sai ɗan ƙarin ƙara da wari, amma ta fuskar hayaƙi ta koma irin motocin kafin 1975.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga aikin ozon da idonsu yana iya aron dabarar Haagen-Smit. A sami zaren roba sababbi iri ɗaya, irin na ɗaure kuɗi. A ɗame wasu a jikin ɗan katako a rataye a waje, cikin inuwa inda iska ke wucewa, domin hasken rana kai tsaye shi ma yana cin roba, zai rikita sakamakon. A ɗame wasu daidai haka a rufe cikin kwalba mai murfi a ajiye a wuri guda. Bayan mako ɗaya ko biyu a duba su da gilashin ƙara girma. Robar da ozon ya taɓa takan yi ƙananan tsaga a gicciye, ba a tsaye ba, kuma robar da ba a ɗame ba ba ta nuna su. Gwajin ba ya ba da adadi, amma idan aka yi shi a makarantar cikin gari da ta bayan gari a mako guda, ko a watan Afrilu da na Agusta, ɗalibai za su sami abin kwatantawa da abin rubutawa.